Yadda Ake Rage wa Tsoho Maganin Ƙwaƙwalwa a Gidan Kula da Tsofaffi

Makon da aka mayar da ni sashen masu ciwon mantuwa a gidan kula da tsofaffin da nake aiki a Amurka, na gaji wata dattijuwa da ke wuni a kujera kanta a sunkuye, miyau na ɗiga a rigarta, cokali ma sai an riƙe mata. A takardar maganinta akwai risperidone, wani maganin taɓin hankali, rabin miligiram safe da dare. Na tambayi nas ɗin dutin dare dalilinsa, ta ce ita ma a kai ta same ta. Sai da na kira 'yar matar na ji asalin labarin. Shekara biyu baya ta faɗi ta karye a ƙugu, aka yi mata aiki, ta ruɗe a asibiti tana tsige allurar ƙarin ruwa tana cewa ɓarayi sun shigo ɗaki. Aka ba ta maganin don ta natsu. Ruɗewar ta tafi cikin kwana goma, amma maganin ya biyo takardar sallama, kowane wata ana sabunta shi, ba wanda ya ce uffan.

Wannan jagora na rubuta ta ne saboda 'yan'uwanmu nas-nas da mataimakansu da ke wannan aiki a Amurka da Ingila, da kuma iyalan da ke da tsoho a irin waɗannan gidaje. Likita ne kaɗai ke rubuta ragi ko tsayar da magani. Amma likita yakan leƙo ne na 'yan mintoci, abin da zai yanke kuwa daga bakinmu da alƙalaminmu yake fitowa.

Me ya sa ake takura wa magungunan ƙwaƙwalwa?

Dokar Amurka ta kasa su gida huɗu: magungunan taɓin hankali irin su haloperidol, risperidone, quetiapine da olanzapine, magungunan ciwon damuwa irin su sertraline da citalopram, magungunan fargaba irin su lorazepam da diazepam, sai magungunan barci irin su zolpidem. Tun dokar gyaran gidajen tsofaffi ta 1987 aka haramta ɗaure mazaunin gida da magani don horo ko don sauƙaƙa wa ma'aikata aiki.

A 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta duba gwaje-gwaje 17, ta ga tsofaffi masu ciwon mantuwa da aka ba sabbin magungunan taɓin hankali suna mutuwa ninki 1.6 zuwa 1.7 na waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki, yawanci ta hanyar ciwon zuciya ko namoniya. Ta sa gargaɗi mafi tsauri a kwalinsu, a 2008 ta haɗa da tsofaffin magunguna irin haloperidol. A Ingila, rahoton Farfesa Sube Banerjee na 2009 ya ƙiyasta masu ciwon mantuwa 180,000 ne ke shan waɗannan magunguna, waɗanda suke amfana ba su wuce 36,000 ba, kuma suna jawo ƙarin mutuwar mutum 1,800 a shekara. Da Amurka ta fara gangamin rage su a 2012, kusan kashi 24 cikin 100 na masu dogon zama a gidajen ne ke shan su. Cikin 'yan shekaru adadin ya sauko wajen kashi 14.

Bayan mutuwa akwai shanyewar ɓarin jiki, faɗuwa da karaya, sanƙarewar jiki, shaƙewa wajen haɗiya, da wannan zaman sunkuye da iyali kan ɗauka tsufa ne kawai.

Mataki na farko: tono tarihin kowace ƙwaya

Ka ɗauki takarda ɗaya ka rubuta kowane magani, adadinsa, ranar da aka fara, wanda ya rubuta, da dalilin da aka bayar a lokacin. Wurin dalilin nan ne aikin yake. Za ka tarar an rubuta "rashin natsuwa" ko ma an bar shi fayau. Bi tsofaffin takardun asibiti, kira likitan da ya saba duba shi a waje, tambayi iyali.

Kada ka tsaya a waɗanda sunansu ya nuna na ƙwaƙwalwa ne. Amitriptyline da aka bayar don ciwon jijiya, trazodone don barci, valproate da aka ba wanda bai taɓa farfaɗiya ba, diphenhydramine na ƙaiƙayi, prochlorperazine ko metoclopramide na tashin zuciya, duk suna taɓa ƙwaƙwalwar tsoho. Ka ƙirga kuma sau nawa aka ba da maganin "in buƙata ta taso" a watan da ya wuce, da ƙarfe nawa, a dutin wa. Sau da yawa za ka ga buƙatar tana tasowa ne ranakun da ma'aikata suka yi ƙaranci.

Mataki na biyu: ware waɗanda ba a taɓa maganinsu da garaje

Wanda ya daɗe da ciwon sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali mai tsanani, tun ƙuruciya, ko ciwon da ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi ya dawo da shi ƙasan baƙin ciki, ko ciwon damuwa mai tsanani da ya sha dawowa har da yunƙurin kashe kai, ko mai farfaɗiya da ke shan clonazepam dominta, waɗannan maganinsu na riƙe da rayuwarsu ne. Likitan ƙwaƙwalwa ne zai ce a taɓa ko a bari, ya rubuta hujjarsa.

Sai dai a yi hattara da tambarin da aka manna daga baya. Saboda masu sikizofireniya ba sa shiga lissafin masu shan maganin taɓin hankali da ake auna gidaje da shi, an samu gidajen da tsoho ɗan shekara tamanin zai wayi gari da wannan ciwo a fayil ɗinsa. Abin ya kai hukumar da ke sa ido kan gidajen ta fara bincike na musamman a kai a farkon 2023. Ciwon da ya saba bayyana a samartaka, in ka gan shi ya ɓullo a takarda bayan mutum ya shigo gidan tsofaffi, ka tambayi wanda ya gano shi da yadda aka yi.

Mataki na uku: rubuta abin da tsohon ke yi, da kalmomin da kowa zai gane

Nan ne yawancin yunƙurin ragi ke faɗuwa tun ba a fara ba. "Yana rigima", "tana da zafi", "ba ya ba da haɗin kai", duk ba su gaya wa likita komai ba. Abin da ake so shi ne: ƙarfe bakwai da rabi na safe, lokacin da ake juya shi don sauya masa kaya, ya daki hannun ma'aikaciya sau biyu, ya yi ƙara, ya natsu bayan minti biyar da aka ƙyale shi. Me ya faru kafin, me ya yi, me ya biyo baya.

A yi wannan rubutu na mako biyu cur kafin a rage ko da kwatan ƙwaya, safe da rana da dare. In ba ka san sau nawa abu ke faruwa yana kan cikakken magani ba, ranar da ya faru bayan ragi kowa zai ce ragin ne ya jawo, a mayar da magani, a rufe zancen. Na ga wannan ya fi a ƙirga.

A haɗa da awon nauyi, hawan jini a kwance da a tsaye, yawan abincin da yake ci, awannin barci, faɗuwar da ya yi a wata ukun baya, da gwajin motsin baki da harshe da yatsu da ake yi wa masu shan maganin taɓin hankali.

Mataki na huɗu: nemo abin da ke damunsa

Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da mantuwa ta ƙwace wa kalmomi, da jikinsa zai yi magana.

Dattijon da na kawo misalinsa a sama, mai dukan ma'aikata da safe, yana shan quetiapine saboda wannan duka. Wata mataimakiyar nas ce ta lura cewa in an juya shi ta hagu lafiya lau, ta dama ne yake kai hannu. Aka duba, kafaɗarsa ta dama ta ci da amosanin gaɓɓai. Likita ya rubuta farasitamol a riƙa ba shi kullum kan lokaci, na safe rabin awa kafin a taɓa shi. Duka ya ragu sosai tun kafin a taɓa quetiapine ɗin. Wannan ba sa'a ba ce: wani gwaji da aka yi a gidajen tsofaffi na Nowe kan mutum 352, aka wallafa a 2011, ya nuna magance ciwon jiki mataki-mataki, yawanci da farasitamol kawai, yana rage tashin hankalin masu ciwon mantuwa.

Bayan ciwon jiki, ka duba bayan gida: yaushe rabonsa da shi? Kwana huɗu ba fita ya isa ya sa mutum ihu. Ka taɓa mararsa ko fitsari ya taru. Ka leƙa baki, haƙori ruɓaɓɓe ko haƙoran roba da ke goge dasashi. Na'urar ji batir ya mutu, tabarau ya ɓata, takalmi ya matse, ɗaki ya yi sanyi lokacin wanka, talabijin na ta surutu tun safe. Yunwa da ƙishirwa. Game da ciwon mafitsara kuwa, kada a yi saurin ɗora masa laifi. Tsofaffi da yawa na da ƙwayoyin cuta a fitsari ba tare da ciwo ba, kuma gwajin fitsari kaɗai bai isa hujjar ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba.

Akwai abu ɗaya da mu baƙi muka fi kowa saurin ganewa. Mai ciwon mantuwa yakan rasa harshen da ya koya da girma ya koma na nonon uwa. Matar da ta yi shekara arba'in tana Turanci sai ta wayi gari Sifaniyanci kawai take ji, ma'aikata na ta yi mata bayani tana kallonsu a tsorace, a rubuta "ba ta ba da haɗin kai". Ka ƙaddara mahaifinka ne da Hausa kaɗai ta rage masa, wata baƙuwa ta shigo da asuba tana cire masa riga tana yaren da ba ya ji. Katin kalmomi goma na harshensa a bango, ko ma'aikaci mai jin harshen a lokacin wanka, yakan yi abin da ƙwaya ba ta yi ba.

Masu birkicewa da la'asar sakaliya kuma, suna neman hanyar "tafiya gida", a fitar da su rana da hantsi, a rage barcin rana, a kunna fitila kafin duhu ya shigo, a ba hannunsu abin yi a wannan lokaci: naɗe tawul, tsince wake, duk abin da suka saba.

Mataki na biyar: zama da iyali

A haɗa likita, masanin magunguna da dokar Amurka ta ce ya duba maganin kowane mazauni duk wata, nas, mataimakan da ke wanka da ciyarwa, da wanda ke da ikon yanke shawara a madadin tsohon. Shi kansa tsohon a gaya masa gwargwadon fahimtarsa.

Iyali sukan ji tsoro, kuma da gaskiyarsu, don sun ga ranar da abin ya yi muni. 'Yar dattijuwar nan ce mini ta yi, "Don Allah ku bar ta, ko ba komai yanzu tana cikin kwanciyar hankali." Na ce mata, "Yaushe rabon da mama ta kira sunanki?" Ta yi shiru. Na nuna mata jadawalin, na ce kaɗan-kaɗan za a rage, duk mako zan kira ta, in abin ya dawo za a koma adadin baya a ranar. Da wannan alkawari ta yarda, kuma ban taɓa tsallake kiran ba.

Mataki na shida: jadawalin ragin

Magani ɗaya a lokaci ɗaya. In aka rage biyu tare aka ga canji, ba mai sanin wanne ne. A fara da wanda ya fi cutarwa ko wanda ba a gano dalilinsa ba. Kada a fara ranar Juma'a a bar ma'aikatan ƙarshen mako da abin, kada a fara yana zazzaɓi, ko makon da aka sauya masa ɗaki ko ya yi rashin abokin zama.

Maganin taɓin hankali da aka bayar saboda halayen mantuwa: jagorar likitocin Kanada ta 2018 ta ce in an yi wata uku alamun sun lafa, ko an yi wata uku ba a ga amfani ba, a rage kashi 25 zuwa 50 cikin 100 duk mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ya daɗe a kai ko ya taɓa tsananin tashin hankali, a bi ta gefen sannu. Ga yadda likita ya tsara wa dattijuwarmu: daga 0.5 safe da dare, aka mayar da na safe 0.25, bayan mako biyu na dare ma ya koma 0.25, bayan mako biyu aka cire na safe, bayan wasu biyun aka tsayar gaba ɗaya. Na safe aka fara taɓawa don ta samu ta farka ta ci abinci.

Lorazepam, diazepam da 'yan'uwansu, har da zolpidem, sun fi son haƙuri. Yanke su lokaci guda ga wanda jikinsa ya saba na iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya da ruɗewa mai tsanani. Ana rage wajen kashi 25 duk mako biyu, in an kusa ƙarshe a ƙanƙanta matakin zuwa rabin haka. Wanda ya yi shekaru a kai, watanni zai ɗauka, kuma matakin ƙarshe ya fi na farko wuya.

Magungunan damuwa su ma ba a datse su. Paroxetine da venlafaxine sun yi suna wajen jiri, tashin zuciya da jin kamar wutar lantarki a kai in an tsayar da sauri. Mai shan citalopram kuma a duba adadinsa ko da ba za a tsayar ba, don ba a son ya wuce miligiram 20 a rana ga wanda ya haura shekara 60 saboda bugun zuciya. A gwada gishirin jini, irin waɗannan magunguna na saukar da shi, saukarsa kuma ruɗewa ce da faɗuwa.

Ƙwayar da aka ƙera don ta narke a hankali ba a raba ta, ba a niƙa ta. A tambayi masanin magunguna ko akwai na ruwa, ya fi sauƙin auna ƙananan matakai.

Dokar Amurka ta sa lokaci: a shekarar farko da mutum ya shigo da irin wannan magani ko aka fara masa, sai an gwada ragi a zango biyu daban-daban na wata uku-uku, da tazarar aƙalla wata ɗaya tsakani, daga nan sau ɗaya a shekara, sai in likita ya rubuta hujjar cewa ragin zai cutar. A Ingila risperidone an yarje shi ne na mako shida kawai ga mai ciwon Alzaima, wani nau'in ciwon mantuwa, da ke yawan kai farmaki, kuma jagorar ƙasar ta 2018 ta ce a sake duba duk mai mantuwa da ke kan maganin taɓin hankali aƙalla duk mako shida.

Mataki na bakwai: sa ido, da bambance abu uku masu kama da juna

Bayan kowane ragi a ci gaba da rubutun mataki na uku. Abin da za a gani ya kasu uku, kuma ana yawan cakuɗa su.

Akwai kewar magani da jiki ke yi: rashin barci, gumi, tashin zuciya, rawar hannu, wani lokaci motsin harshe da leɓe da maganin ya ɓoye. Yakan zo cikin kwanakin farko ya lafa. In ya yi yawa, a tsaya a matakin ko a koma na baya, a ƙara tazara. Akwai dawowar ainihin ciwon, gane-gane ko farmakin da aka fara maganin dominsa, wanda yakan ɗauki makonni kafin ya bayyana.

Na ukun shi ne farkawa, kuma shi ma'aikata suka fi kai ƙara a kansa. Matar da ke zaune shiru ta fara cewa shayi ya yi sanyi, ba ta son wannan rigar, tana miƙewa tana son tafiya. Aiki ya ƙaru, gaskiya ne. Amma mutum ce ta dawo, kuma ƙin shayi mai sanyi bai zama dalilin magani ba. Abin da za a yi shi ne a kira masu gashin ƙashi, don ƙafafun da suka yi shekara biyu a kujera ba su da ƙarfin da zuciyarta ke zato, faɗuwa na nan kusa.

A kula da tarkon "in buƙata ta taso". Ba amfani a rage quetiapine da rana a cike gurbin da lorazepam da dare. A Amurka irin wannan umarni kwana 14 ne iyakarsa. Na maganin taɓin hankali ba a sabunta shi sai likita ya duba mutumin da kansa. Na sauran kuma sai ya rubuta hujja da tsawon lokaci. Duk wanda zai ba da shi ya rubuta abin da ya gwada kafin ya buɗe akwatin magani.

In ragin bai yi ba

Yana faruwa. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2012, masu Alzaima da risperidone ya yi wa amfani a fili, da aka cire musu kashi 60 cikin 100 alamun sun dawo cikin mako 16, waɗanda suka ci gaba da sha kuwa kashi 33. Wato akwai masu buƙatarsa da gaske, musamman masu gane-ganen da ke firgita su ko masu jikkata wasu. A koma adadi mafi ƙanƙanta da ya riƙe shi, a rubuta abin da aka gani da ranarsa, a sa ranar sake gwadawa. Wanda ya sauko daga miligiram ɗaya zuwa rabi ya tsaya nan, ya rage rabin abin da ke shiga jikinsa.

In za a koma kan magani, a tabbatar da nau'in mantuwar. Masu nau'in Lewy da masu ciwon karkarwa na Fakinsin, haloperidol da makamantansa na iya sanƙarar da su har ya kai ga rasa rai. Tsohon da ke ganin mutane ko dabbobi a ɗaki, hankalinsa na zuwa yana tafiya a wuni ɗaya, tafiyarsa ta zama ja-da-ƙafa, yana iya zama mai nau'in Lewy ne, a faɗa wa likita wannan kafin ya ɗauki biro.

A gida Najeriya da Nijar tsofaffinmu a ɗakunanmu suke, amma ƙwayar ɗaya ce. Kaka ta hana mutane barci, a aiki yaro kemis ya sayo diazepam, a riƙa jefa mata a koko. In ana yi mata haka tsawon watanni, kada a yanke dare ɗaya. A kai ta asibiti da kwalin a hannu, a tsara ragin, a kuma duba abin da ke tayar da ita tun farko.

Dattijuwar tamu kuwa, a mako na uku ta karɓi cokali daga hannun mai ba ta abinci. A na biyar ta yi dare biyu ba barci, nas ɗin dare ta nemi a mayar da magani, muka duba muka tarar kwana huɗu ba ta yi bayan gida ba. Aka magance wannan, aka jinkirta mataki na gaba da mako ɗaya. Wata biyu bayan ƙwayar ƙarshe nauyinta ya ƙaru da kilo biyu, tana tafiya zuwa ɗakin cin abinci da keken dogarawa. Mantuwar tana nan, har yau takan tambaye ni ko mijinta ya dawo daga aiki. Ranar wata Lahadi 'yarta ta shigo, ta ɗaga kai ta kira ta da sunan yarinta, ta ce mata gashin nan ya yi tsawo, a je a rage shi.